Kundin garken Baffa: shekara guda ina bin gyatsar shanu

6 Maris 2024

A kwata na yanke shawarar buɗe wannan kundi. Da asubar yau aka kayar da wani sa daga cikin namu, wanda gainako, wato makiyayinmu, ya aiko cewa in ba a yi hanzari ba, ba zai ga ruwan fari ba. Ina tsaye yaran Baffa suka farke tumbin. Abin da ya zubo busasshiyar ciyawa ce tsinke-tsinke, sai ka ce an yage tsohuwar katifa, da leda biyu, da guntun igiyar roba. Tururi na tashi, ga warin nan da duk ɗan gidan fawa ya sani tun yana goye. Sa mai shekara 6 a duniya, amma da aka rataye shi ƙashi ya fi tsoka. Baffa ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan ko kilishin kirki ba zai bayar ba."

Mu gidan fawa ne a Ngaundare, kaka da kakanni. Ban da na yanka da muke saye a tike, Baffa yana da garkensa, kai 52 bayan an cire na yau, galibi Gudali. Suna daji kudu da gari ta wajen kogin Vina, a hannun gainakon da ya haura shekara 10 tare da mu. Ni ke riƙe littafin kuɗi, tunda ni na yi lekol. A watan jiya ƙungiyarmu ta masu kiwo ta tura ni horon kwana uku kan dabbobi da sauyin yanayi. Gaskiya kuɗin zama ya kai ni, amma na dawo da abin da ya tsaya mini a rai.

Tumbin saniya randar jiƙo ce. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke ruɓar da ciyawa a ciki, ita kuma saniya ta rayu da abin da suka narkar. A cikin wannan aiki ake samun wata iska mai suna metan, kuma kusan dukkanta ta baki take fita, gyatsa ce, ba ta baya ba kamar yadda samari ke tsokana. In ta hau sama tana riƙe zafi fiye da iskar kabon da ke fita daga salansar mota, wajen ninki 28 idan an auna a shekara 100, kusan ninki 80 idan a shekara 20 ne. Sai dai ba ta daɗewa, wajen shekara 12 ta lalace. Abin da ya fi kama ni shi ne, gyatsar nan abinci ne ya bi iska: tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abin da saniya ta ci, kuma ciyawa mai tauri ta fi mai laushi jawo asarar.

To san nan na yau shekara 6 ya yi yana wannan gyatsa. Kowace damina ya tara nama, kowane rani ya mayar. Ramin ranin nan nake so in gwada toshewa.

20 Maris 2024

Bayan shan ruwa na kai wa Baffa lissafi. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya fitar da ƙa'ida a 2006 cewa a ɗauki kilo 31 na metan a shekara ga kowane kan shanun Afirka da ba na gonar madara ba. Namu 52 sun ba da kilo 1,612, wato kamar tan 45 na kabon ke nan.

Baffa ya ajiye kofin kunu. "Kai yaro, masu jiragen sama da masana'antu sun gama ɓata sararin Allah, sai saniyata ce za a kama da laifin gyatsa?"

Na ce, "Baffa, ba a kama ta ba."

"To me ya kawo lissafi?"

Ban yi masa musu ba, don yana da gaskiya babba. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa daga mai da gawayin ƙasa ba. Kuma ko adadin da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta bayar a 2013, cewa kiwo ke da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita, ya haɗa har da dajin da ake sarewa a Barazil da takin zamani da ake zuba wa gonakin abincin dabbobi a Turai. Akwai ma binciken da aka yi a yankin Ferlo na Senegal, inda aka auna dajin kiwo sukutum, shanu da ƙasa da itatuwa, aka ga abin da ke fita da abin da daji ke shanyewa a shekara sun kusa yin kunnen doki. Na gaya masa wannan, ya ce, "Ka ji mutanen kirki."

Sai na bi ta inda na san zai saurara. Na ce ya manta da sama, ya dubi aljihu. San da ya kai nauyin yanka a shekara 4 maimakon 6 ya rage mana ladan kiwo na shekara biyu, da kanwa, da magani, da fargabar ɓarayi. Gyatsar shekara biyun da ba a yi ba kuwa gyara ce a kan ciniki. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce in gwada da bijimai 12 matasa da hekta 2 na shuka ciyawa, amma kada in taɓa masa shanun mata.

15 Afrilu 2024

Sallah ta wuce, an yi ruwa sau biyu. Wannan ne lokacin da makiyaya suka fi tsoro, ciyawa ta tsiro amma ba ta kama baki ba, shanu na bin kore suna ƙin busasshe, ga zawo, ga rama.

Ba mu da sikeli, don haka awon ƙirji muke yi. Likitan dabbobi ya koya mini: a zagaya tef ɗin tela a bayan ƙafafun gaba, daidai bayan tozo, a ɗauki tsawon a mita, a ninka shi da kansa sau uku, a sake ninkawa da 80. Ƙirjin mita 1.50 ya ba da kilo 270 ke nan. Ya ce dabarar kan ɗan ƙara wa irin shanunmu nauyi, amma tunda kwatanta wata da wata nake yi, ba komai. Wuni guda muka yi a kan bijimai 12. Gainako ya riƙe hanci, ƙanensa ya riƙe wutsiya, ni ina rungumar sa kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Makka. Wani ja mai farin goshi ya taka mini ƙafa, har yanzu farcen baƙi ne.

Gainako bai ce komai ba sai da muka gama. Ya ce, "Malam, da ka tambaye ni da na gaya maka wanda ya fi nauyi." Na ce ya jera su. Ya jera, na duba takarda, guda biyu kawai muka saɓa, kuma ban rantse ni ke da gaskiya ba.

9 Yuni 2024

Jauro, wato mai garin, ya ba mu fili, wani tsohon mashekari da tofa ta fara cinyewa. Mun shuka ciyawar birakariya, muka ratsa ta da layukan wani tsiro mai suna sitilo.

Ciyawar nan tana ba ni dariya. Mutane na kiranta ciyawar Turawa, alhali 'yar Afirka ce. Irin da muka shuka sunansa ma daga kwarin Ruzizi ya samo asali, can iyakar Kwango da Burundi da Ruwanda. Daga nahiyar nan aka kwashi danginta zuwa Barazil, suka shimfiɗa ta a miliyoyin hekta, suka zama manyan masu sayar wa duniya nama. A nan ma tashar binciken dabbobi ta Wakwa, da ke bakin garinmu, ta daɗe tana aiki da ita da sitilo, mu ne dai ba mu waiwaya ba. Shi sitilo dangin wake ne, saiwarsa na kama sinadarin naitirojin daga iska ta ajiye a ƙasa, ganyensa kuma ya fi ciyawa gina jiki. Da shi ba sai mun sayi buhunan takin zamani ba, wanda shi ma yana da nasa hayaƙin tun daga masana'anta.

Kafin shuka na gwada irin. Na ƙirga ƙwaya 100 a kan tsumma mai laima, na rufe da faranti a bayan randar Inna. Bayan kwana 14, guda 31 suka tsiro. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa irin bara ne mai kyau. Ban ja ba, na dai ninka yawan abin da za a watsa, kuɗin ya ninku.

Abu biyu suka dame ni. Na farko, mun sa garma ta juya ƙasa, kuma juya ƙasar da ta daɗe a kwance yana sakin kabon da ke cikinta. Na biyu, shinge. Masu aikin sun sare itatuwa sun fi 100 don dirkokin waya kafin in ankara. Mutum ya fito gyaran iska ya fara da sare daji. Na tsayar da su, ragowar gefen muka dasa rassan da ke tsirowa, shingen ya zama mai rai.

21 Yuli 2024

Ciyawa ta rufe ƙasa, sitilo na baya-baya. An yi cirar tofa sau biyu. An yi wa garke allurar ciwon huhu da ta harbin daji, irin da ake haɗawa a LANAVET, cibiyar haɗa allurar dabbobi ta Garwa, an ba su maganin tsutsar ciki da na hanta. Kaska ta yi yawa bana, kirci ya kama guda uku. Saniyar da sammore ko tsutsa ke ci daga ciki tana gyatsa kamar kowa, ba nama ba nono, don haka allura ma cikin aikin nan take.

25 Agusta 2024

Na kwana biyu a ruga. Makwancin shanun ya zama kwatami, kashi da fitsari da ruwan sama sun cakuɗe, maruƙa na nutsewa har gwiwa. In ka taka, kumfa ke tasowa. Wannan kumfar ita ma metan ce, don kashin da ya jiƙe ya rasa iska shi ke haifar da ita, wanda ya faɗi a fili rana ta busar da shi kuwa kaɗan yake fitarwa. Fitsarin da ya taru wuri guda kuma yana ba da wata iskar, naitiros, wadda ta fi kabon riƙe zafi fiye da ninki 260.

Na ba da shawarar a riƙa matsar da makwancin duk bayan 'yan kwanaki. Gainako ya dube ni ya ce haka iyayensa ke yi tun fil azal, zaman wuri ɗaya ya zo ne da tsoron masu garkuwa da mutane, kowa na so ya kwana kusa da hanya da maƙwabta. Kunya ta kama ni. Mun daidaita a kan matsarwa a cikin fili ɗaya, kusa da bukkoki, ta inda za mu faɗaɗa gonar ciyawa baɗi. Taki ya sauka inda ake bukatarsa ba tare da an ɗauka a kai ba.

Matarsa ta ba ni kindirmo da dambu. Ta ce in har da gaske nake, in ba shanun tatsa ciyawar, don a watan Maris ƙwarya ɗaya ba ta cika daga shanu biyar. Na ce Baffa ya hana. Ta ce, "Alhaji ba shi ke tashi da kukan maraƙi ba."

19 Oktoba 2024

Yanka. A nan aka yi rigima.

Ni na ce a sa lauje yanzu, ciyawa na fara fitar da kai, ganye na kore. Baffa da gainako suka haɗe mini kai, karo na farko da na ga sun yarda da juna a kan wani abu, suka ce a bari sai ruwa ya ɗauke sarai, ciyawa ta kai iya tsayinta, a samu dami da yawa. Hujjarsu ba ta banza ba ce, don a tudun nan ruwa kan kai ƙarshen Oktoba, kuma ingiricin da ruwa ya daka ruɓewa yake. Tawa hujjar ita ce tumbin da na gani a watan Maris. Ciyawa in ta tsufa ta yi fure ta zubar da iri, abin gina jikin da ke cikinta ya zube, saura kara. Ƙananan halittun tumbi su kansu sai sun samu abin gina jiki suke iya aiki. In babu, karan ya yi kwana da kwanaki a ciki yana jiƙo, saniya ta ji ciki a cike ta kasa ƙara ci, tana tuƙa tana ramewa.

Aka raba gardama, rabi yanzu rabi daga baya. Mutum 9 da lauje, kwana huɗu. Muna shanyawa a jere, mu juya da rana, mu tara da yamma. Ran na uku hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, muka yi ta gudu da dami a ka muna cusawa ƙarƙashin tamfol, har da almajiran da suka zo kallo. Iska ta watsa hadarin, ko ɗigo bai sauka ba. Baffa da aka ba shi labari ya ce saura ƙiris da ya yi dariyar shekara.

Ingiricin farkon kore ne shar, yana ƙamshi kamar ganyen shayi. Na ɗebi tafi guda na kai wa Baffa har rumfa. Ya shinshina, ya murza, bai ce uffan ba, ya sa a aljihu.

24 Nuwamba 2024

An yanke rabi na biyu. Dami ya fi yawa, launi kamar tabarma. Mun jibge su dabam-dabam a kan dandamalin itace saboda gara.

Mun sayi karan masara daga gonakin maƙwabta, wanda da ƙone shi za a yi, muka yi masa jiƙon yuriya: kilo 4 na takin a narke cikin ruwa ga kowane kilo 100 na yankakken kara, a yayyafa, a tattake cikin rami, a rufe da leda ruf har mako uku. Yuriyar kan zama wata iska mai hawa kai da ke sassauta karan ta kuma ƙara masa abin gina jiki. Na ja wa gainako kunne sau uku cewa buhun takin ya yi nisa da shanu, kuma kada su sha ruwan jiƙon, don yuriya tsurarta kisa take cikin sa'a guda. Ya ce ya ji tun a na farko.

An share hanyar wuta kewaye da gonar da jibgar.

12 Disamba 2024

An raba bijiman gida biyu, 6 da 6, na bar gainako ya raba don kada a ce na zaɓi masu kyau. Matsakaicin ƙirji a kowane ɓangare mita 1.55, wajen kilo 298. Shida za su bi garke daji yadda aka saba. Shida za su yi kiwon safe kusa, da yamma a ba su ingirici da karan jiƙo da kilo ɗaya-ɗaya na turto, wato tunkuzar 'ya'yan auduga da ke fitowa daga matatar man kamfanin auduga na SODECOTON. Ranar farko sun ƙi karan saboda wari. Muka shanya shi ya sha iska, muka barbaɗa gishiri, a kwana na uku suna ture juna.

17 Janairu 2025

Wuta.

Ranar 14 da azahar, iskar hunturu na kaɗawa, wasu masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta ta arewa da mu. Hanyar da muka share ta tare ta a ƙasa, amma tartsatsi ya tsallaka ta sama ya sauka a kan jibga. Kafin a kawo ruwa daga rafi, jibga ɗaya cikin uku ta zama toka. Allah ya sa ta yankan baya ce. Ƙanen gainako ya ƙone a hannu wajen jan dami, mun kai shi asibiti, yana samun sauƙi.

Da na isa washegari, dajin baƙi ne iya ganinka, kututture na hayaƙi, shirwa na shawagi. Abincin garken unguwar gaba ɗaya na wata biyu ya tashi a wuni guda, kuma hayaƙin nan ma da metan da naitiros a cikinsa. Ina ta ƙirga gyatsar bijimi 6, ga abin da ashana ɗaya ta yi. Ba na cikin masu cewa a hana ƙuna ɗungurungum, makiyaya na yi don sabon tsiro da kashe kaska, kuma dajin da aka daina ƙonawa sam ƙaya da kurmi ke cinye shi. Amma wutar Nuwamba, lokacin ciyawa na da sauran laima, lasa take yi ta wuce. Ta Janairu har itatuwa take ci. A arewacin Ostireliya 'yan asalin ƙasar na samun kuɗi a kan wannan bambancin kaɗai, suna ƙuna da wuri don hana babbar wutar ƙarshen rani. Na kai maganar gaban Jauro, na ce, "Ranka ya daɗe, ko baɗi za a sa rana ɗaya a farkon rani kowa ya ƙona nasa gefen?" Ya ce zai tara ardo-ardo da manoma. Mafarauta kuwa, ya ce, ba su da sarki.

20 Fabrairu 2025

Ingirici ba zai kai ba, mun rage rabon kowa, mun ƙara da ganyen maje da kawo da gainako ke sassabowa. Na roƙe shi ya riƙa barin kan itacen.

Garken ya sauka kwari neman ruwa da ɗanyen tsiro. Tsofaffi na ba da labarin yadda a da ake kora dubban shanu zuwa lahore, wato maɓuɓɓugar kanwa ta Vina, su sha ruwan kanwa. Mu buhu muke saye muna jiƙawa a kwale-kwalen itace.

Na saci dami kaɗan na ba shanun tatsa biyu da maruƙansu suka fi rauni. Na rubuta a nan don in Baffa ya tambaya kada in yi ƙarya.

Na kuma zauna da littafin haihuwa da na tattara daga bakin gainako, wanda ya san kowace saniya da uwarta da kakarta. Cikin manyan mata 21, guda 9 suka haihu bara. Yawancinsu sai sun tsallake shekara, don saniyar da ta fito rani a rame ba ta karɓar sa da wuri. Akwai 4 da suka shekara uku ba maraƙi. Nan ne babbar ɓarakar take, ta fi ta bijimai nesa ba kusa ba: uwa na gyatsar shekara biyu kafin ta ba da ɗa guda. Na karanta wa Baffa sunayen huɗun. Uku ya ce a kai kwata. Ta huɗun, wata tsohuwar fara mai karyayyen ƙaho, ya ce jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ce ranar aurensa, kuma in na sake ambatonta zai karɓe littafin. Na bar ta.

27 Maris 2025

Awon ƙarshe, cikin azumi, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na gida, matsakaicin ƙirji mita 1.59, wajen kilo 322. Na daji mita 1.49, wajen kilo 265. Waɗancan sun ƙaru da kilo 24, waɗannan sun zubar da 33. Tazarar kilo 57 a kan kowane sa cikin wata uku da rabi, kuma ba sai da tef ba, ido ma ya gani: na daji ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, tozo ya kwanta.

Kada in yaudari kaina. Bijimi 6 ba hujja ba ce da za a kai gaban masana. Ban auna metan ko na cokali ɗaya ba, wannan sai irin ɗakunan awo na cibiyar Mazingira da ke Nairobi, inda ake rufe saniya a auna numfashinta. Na gidan ma, tunda sun fi ci, mai yiwuwa gyatsarsu ta kullum ta fi ta na daji yawa. Ribar tana wajen raba ta a kan nama: su sun yi gyatsa sun ƙaru, waɗancan sun yi gyatsa sun ragu. Kuma na san da damina na daji za su yi saurin cikowa su rage tazarar, haka jikin sa yake. Sannan turton nan mota ce ta ɗauko shi daga Garwa, kusan kilomita 280, da man gas.

13 Afrilu 2025

An sayar da 4 daga cikin na gida a tike, wani dillali mai loda wa jirgin ƙasa zuwa Yawunde ya kwashe su. A wannan watan shanu masu nama sun yi ƙaranci, sai ya zama mu ke faɗin kuɗi. Bayan an cire iri, waya, lauje, turto, yuriya da kuɗin asibiti, an tashi da 'yar riba, ba mai yawa ba, kuma waya da gonar suna nan don baɗi.

A ma'aunin kilo 31, bijimi 4 da suka tafi shekara biyu kafin lokacin da muka saba sun rage kilo 248. Juya 3 da aka yanka, kilo 93 duk shekara. Kamaru ta yi alkawari a 2021, ƙarƙashin yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris, cewa za ta rage kashi 35 cikin 100 na irin wannan iska zuwa 2030. Namu a ciki ko ƙwayar gero a buhu bai kai ba, kuma ba wanda ya zo ya ƙirga.

Daren jiya Baffa ya kira ni ɗakinsa, kuɗin na kan buzu. Ya ce aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka, a faɗaɗa gonar zuwa hekta 5, kuma bana a fara da shanun tatsa, ashe ya san da damin da na sata. Sai ya ce ragowar kuɗin zai sayi karsana 6.

Na ce, "Baffa, in an mayar da kai bakwai da aka cire da shida, ga maruƙan da za a haifa, ai lissafina ya koma inda ya fito."

Ya ce, "Lissafinka. Ni ciyawa ta samu, me zai hana shanu?"

Na ce hekta 5 ba za ta ɗauki garken da ke nan ba ma, balle ƙari, kuma in wuta ta sake zuwa da baki 51 za mu yi kuka maimakon 45. Na ce a sa kuɗin a rijiya da rumfar ajiyar ingirici mai rufin kwano. Ya ce rumfa ba ta haihuwa. Muka yi ta yi har Inna ta leƙo ta ce dare ya yi. An tsaya a kan karsana 3 da rumfa, rijiya sai wani jiƙon, kuma ban tabbata ba zai ƙara ukun a ɓoye ta hannun dillalinsa ba.

Birakariyar ta farfaɗo da ruwan makon jiya, har inda wuta ta lasa. Sitilo ya mutu a gefen arewa, sai an sake shukawa. Jibi zan je in auna sabon filin a kan tsohon makwancin, in kuma sa irin da muka tara da hannunmu a tsumma in ga nawa zai tsiro cikin 100.